Tsohon da ya hana ni kashe kuɗina a Brussels

Wata takwas na yi ina tara kuɗi. Duk ƙarshen wata in an biya mu a ɗakin ajiyar kayan da nake aiki, sai in ware wani abu in sa gefe, har suka kai euro 900. Kada ku tambaye ni nawa ne a naira, na daina wannan lissafin saboda lafiyar zuciyata. Burina in haɗa ɗan situdiyo a ɗakina, in naɗi kiɗan jitar da nake yi tun ina Kano, wanda har yau babu inda yake sai cikin waya, da hon ɗin mota da kukan yaro a bayansa. Na rubuta kayan da nake so a takarda, kuma duk wanda ya taɓa leƙa situdiyon Zoo Road ya san abin da na rubuta ko bai gani ba: mikisa, wato na'urar haɗa sauti, mai maɓallai kamar gaban jirgin sama, manyan lasifikoki biyu, da makirufon nan mai ƙaton kai da ake ratayewa cikin zare kamar gizo a saƙarsa.

Ranar wata Asabar na shiga wani shagon kayan kiɗa a tsakiyar Brussels, na sha wanka, ina tafiyar mai kuɗi. Na tarar da wani tsoho, farin gashinsa ɗaure ta baya, tabarau a kan karan hanci. Na miƙa masa takardar. Ya karanta a nutse, ya ɗago ya ce, "Mushe, ɗakinka yaya yake?" Shekarata huɗu a ƙasar nan amma har yau in aka kira ni mushe sai gabana ya faɗi, ko da yake 'yan'uwanmu na Nijar sun ce girmamawa ce. Na ce ɗaki dai kamar na kowa. Ya ce akwai kafet? Babu. Labule mai kauri? Babu. Taga titi take kallo? Eh, har jirgin ƙasan cikin gari yana wucewa ta ƙasanta. Mutum nawa za su yi kiɗa lokaci ɗaya? Na ce ni kaɗai ne. Sai ya zaro biro daga aljihu ya soke mikisa. Ya soke lasifikoki. Ya soke makirufo. A gabana, a kan takardata.

Wallahi raina ya ɓaci. Abin da ya fara zo min shi ne ya ga baƙar fata ya yanke hukuncin ba ni da kuɗin, don irin wannan kallon mun sha shi a wasu wuraren. Na zaro katin banki na ajiye a kan kanta da ɗan ƙarfi, na ce ina da abin biya. Ko kallon katin bai yi ba. Ya ce, "Kuɗinka naka ne, in ka nace zan sayar maka. Amma za ka dawo min da su nan da sati biyu, ni kuma bayana ba ya son ɗaukar kaya sau biyu. Zo ka ji wani abu."

Ya kai ni wani lungu, ya ba ni jita, ya sa min hedifon a kunne, ya jona irin makirufon da na rubuta, wanda sai an ba shi wuta volt 48 yake aiki. Kafin in taɓa tsirkiya na ji numfashina kamar na rago, na ji agogon hannuna, na ji takun wata mata a can bakin ƙofa, na ji motar da ta tsaya a titi. Ya ce wannan makirufo ba ya ƙarya, duk abin da ke ɗakinka zai kwashe, har firjinka da maƙwabcinka. Sai ya cire shi ya kawo wani siriri baƙi, Shure SM57, wanda ya ce tun 1965 ake ƙera shi kuma ko ya faɗi ƙasa sai dai a kakkaɓe shi. Ya saita shi kamar taƙi ɗaya daga jitar, bai kai shi bakin ramin ba, ya nufi wajen gaɓa ta 12 inda wuya ya kusa haɗuwa da jiki. Na kaɗa. Titi ya ɓace, matar ta ɓace, sai jita. Gani ya kori ji, ni a nan ji ne ya kori gardama.

Maimakon mikisa ya ɗauko wani ɗan jan akwati da bai fi ƙaramin littafi ba, Focusrite Scarlett Solo, abin da 'yan situdiyonmu ke ce wa saun kad, shi ke shigar da sauti cikin kwamfuta. Ƙofa biyu gare shi, ɗaya ta makirufo, ɗaya ta jitar lantarki kai tsaye, kuma daga kwamfuta yake shan wuta ta wayar USB. Ya nuna min fitilar da ke zagaye da maɓallin ƙara sauti: in tana kore kana lafiya, in ta yi ja sauti ya fashe, ka rage. Manhajar naɗar sauti kuwa ya ce in fara da Audacity, kyauta ce, in na ga ta yi min kaɗan in koma Reaper, ana gwada ta kwana 60, lasisinta dala 60. Lasifika ya ce in manta da ita tukuna, a ɗaki mai amsa amo ƙarya za ta riƙa yi min. Hedifon da sandar makirufo ma cewa ya yi in duba shafin intanet na 2ememain, inda mutanen nan ke sayar da kayansu na hannu. Mai shago fa, yana tura ni wani wuri.

Muna haɗa kayan ya tambaye ni daga ina nake. Da na ce arewacin Najeriya sai idonsa ya yi haske, ashe ya san makaɗan jitar Agadez fiye da yawancinmu. Ya ambaci Mdou Moctar, ni kuma na samu abin tinƙaho, na gaya masa kundin waƙoƙin mutumin na farko a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, kuma daga waya zuwa waya ya bazu ta Bluetooth kafin Turawa su san da shi. Ya yi dariya ya ce to me zan yi da mikisa. Abin da na biya a shagon bai kai euro 300 ba.

Tun daga ranar nake tuna wani makirufo da na saya a wata kasuwar kayan lantarki a gida, shekarun baya. Sunan kamfanin Shure ɗin nan dai ne a jikinsa, da kwali da komai. Mai shagon ya rantse da Allah sau uku orijinal ne, ya ce don ni ne ya rage. Kwana tara ya yi ya fara kuka kamar gyare. Na mayar, ya nuna min takardar da ya liƙa a bango cewa kaya in ya fita ba ya dawowa, ya ce ai wutar gidanmu ce ta ƙona shi. Sai da na riƙe na gaskiya a hannuna a nan na ji nauyinsa, na gane wancan gwangwani ne aka yi wa fenti. A nan doka ce ta ba ka garanti na shekara biyu a kan sabon kaya, in kuma ta intanet ka saya kana da kwana 14 ka mayar ko da ra'ayi kawai ka sauya. Ba na cewa duk masu shagon nan waliyyai ne, wataƙila tsoron kaya su dawo ne ya koya musu gaskiya. Amma a gida wa ya taɓa ganin ɗan kasuwa ya soke ciniki da hannunsa?

Mu masu saye ma ba mu da gaskiya. Da ido muke sayen kayan sauti. In abu bai cika tebur ba, in ba shi da fitilu ja da kore suna rawa, sai mu ce araha ba ta ado. Yaro zai ci bashi ya sayi lasifikar gidan biki ya dasa a ɗakin da rufinsa kwano ne, janareta na ruri a bayan taga, sannan ya rasa dalilin da waƙarsa ke fita kamar daga cikin rijiya. Ni ma da wannan kan na shiga shagon, don haka ba wani nake zagi ba.

Hedifon da sandar na same su a wajen wata mata a Schaerbeek, da kwalinsu da rasiɗin da ta saya, duk da cinikin tsakanin mutum da mutum babu wancan garantin. Ina dawowa ta titin Heyvaert, inda ake loda tsofaffin motoci zuwa tashar Antwerp su nufi Kwatano, na yi wa kaina dariya: ga ni a Beljiyam ɗin kanta ina sayen ɗan Beljiyam.

Kada ku ɗauka nan aljanna ce. Babu ciniki, babu gyara, abin da aka rubuta shi ne, harajin kashi 21 cikin ɗari yana ciki, ko sunanka bai dame su ba. Ranar Lahadi in tsirkiya ta tsinke sai ka jira Litinin. Ramin da ake jona waya a jitata ta lantarki ya saki, na kai wani wurin gyara, aka ce in dawo bayan sati biyu, kuma kuɗin dubawa kawai ya kusa na hedifon ɗin. A Sabon Gari da wani yaro mai dalma ya gama shi kafin in shanye ruwan leda, har ya tambaye ni mutanen gida. Daren da na fara gwada kayan kuwa, da jitar katako, ƙarfe goma da kwata, da safe na tarar da takarda a ƙarƙashin ƙofa, an rubuta da ladabi mai sanyi cewa bayan goma ba a hayaniya. Babu suna, babu sallama. A unguwarmu in na ɗauki jita bayan isha'i maƙwabta ne ke fitowa da tabarma, wani ya kawo shayi, wani ya ce a maimaita. Yanzu ina naɗa da hedifon a kunne, jitar lantarki jone da jan akwati, na rataya bargo biyu a bango, ba mai ji sai ni. Sautin ya fi duk wanda na taɓa yi tsabta, kuma babu wanda zai ce a maimaita.

Ƙanena da ke gida ya ji labari ya aiko da tasa takardar, mikisa ce a layin farko. Na ce masa in zai naɗa a kwamfuta ya cire caja ya yi da batir, don yawancin gurnanin da yake ji daga wutar janareta yake shigowa. Da sauran kuɗin na saya masa Zoom H1n, ɗan rikoda mai makirufo biyu a ka, ƙananan batura biyu yake ci, bai san NEPA ba, na ba wani mai tafiya ya kai masa. Jiya ya turo hotonsa riƙe da shi, fuska a murtuke, ya rubuta: "Yaya, wannan abin kamar tocila shi ne situdiyon?" Na ce ya shiga ɗakin Hajiya mai katifu da labule, ya rufe ƙofa, ya kaɗa min abu ɗaya ya turo. Har yanzu yana fushi, bai turo ba.