Sharhi kan mai gyaran da ya gano ciwon kwamfutata a jikin rauta

Ina da ɗan shagon buga takardu da cike fom ta intanet a Zariya: kwamfuta uku, firinta ɗaya, da rauta, wato na'urar da ke raba waifai, manne a bango sama da teburina. Kwamfutar da ke bakin ƙofa ba ma kunna ta sai aiki ya yi yawa, wani lokaci takan kwana uku a kashe. To ita ce ta fara ba ni ciwon kai. A kunna ta, ta nuna ta kama waifai, amma babu shafin da zai buɗu, alhali sauran biyun da wayata suna aiki lafiya lau. Idan na kashe rauta na kunna sai ta dawo daidai, sai dai duk wanda ake tsakiyar cike masa fom a ɗaya teburin aikinsa ya katse. Wanda ya taɓa zama da ɗalibai a kansa lokacin rajista ya san abin da wannan ke jawowa.

Na fara kai ta wani shagon gyara. A can ta shiga intanet nan take, mai shagon ya ce bairos ne, a yi mata fomat. Na biya, aka yi. Bayan kwana huɗu ta koma gidan jiya.

Sai wani maƙwabcina mai sayar da katin waya ya haɗa ni da wani matashi da ke zuwa gyara har shago, kuma a kansa nake wannan sharhi. Abin da ya fara burge ni, ya ce kada in kashe rauta kafin ya iso, yana so ya tarar da matsalar da ranta. Da ya zo bai kwance ko noti ɗaya ba. Ya buɗe baƙin allon nan na Windows da ake rubuta umarni, ya buga ipconfig, ya ɗora yatsa a kan wata lamba da ta fara da 169.254.

"Baba, ka ga wannan? Ba rauta ce ta ba ta ba. Ta nema ba a ba ta ba, shi ne ta raɗa wa kanta."

Bayanin da ya yi min ya zauna a kaina. Kowace na'ura da ta shigo waifai sai ta sami adireshi, kuma wani tsari da ake kira DHCP a cikin rauta ne ke rabawa. Kwamfuta ta yi cigiya, rauta ta yi mata tayin lamba, ta ce tana so, rauta ta tabbatar mata. Idan aka yi cigiyar ba amsa, Windows sai ta ɗauki lamba daga jerin 169.254, wadda ba ta fita da mutum ko nan da can a intanet. Ya buga ipconfig /release, sannan ipconfig /renew, ta daɗe tana jira ta ce ba ta sami mai raba adireshin ba. Ya duba saitin katin waifai, wato abin da ke kama waifai a cikin kwamfutar, yana kan karɓar adireshi kai tsaye yadda ya kamata. Ya jona kebul, nan ma lamba mai 169.254 ce ta fito, ya ce ashe ba laifin katin waifai ba ne. Daga nan ya rubuta mata adireshi da hannu na ɗan lokaci, 192.168.1.200, sai ga intanet. Ya juyo ya ce, "Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, mu hau sama."

A shafin rauta, 192.168.1.1, na ga abin da idona. Adireshin da aka ware don rabawa hamsin ne kacal, daga 100 zuwa 149, kuma kowanne ana ba da shi haya ne na awa 24. Jerin a cike yake maƙil: Tecno, Infinix, itel, Redmi, sunayen wayoyin da ban san masu su ba. Shekara biyu ina ba kwastoma kalmar sirri don su turo min takarda, su kuma suna ba abokai. Mutum ya shigo na minti biyar ya tafi, ɗakinsa yana kulle da sunansa har gobe. Kwamfutar da ta kwana uku a kashe hayarta ta ƙare, an ba wani, ta dawo ba wuri.

Gyaran kansa bai kai rabin awa ba. Ya faɗaɗa jerin, ya rage hayar zuwa awa biyu, ya canza kalmar sirri, ya buɗe wa kwastoma waifai na baƙi daban, sannan ya ɗaure wa kowace kwamfutata adireshinta na dindindin a cikin rauta, ya mayar da ta bakin ƙofa kan karɓa kai tsaye.

Ba zan ɓoye inda ya gaza ba. Ya ce ƙarfe goma, sai bayan azahar ya iso, kuma bai kira ya ce zai makara ba. Mai shago yana lissafin awa ne. Na biyu ya fi damuna: ya manta da firinta. Washegari adireshinta ya canza, kwamfutoci suna neman ta a tsohon wuri, ba abin da ke fita. Na kira shi, ya amsa laifinsa ba gardama, ya dawo da yamma ya ɗaure mata nata adireshin, ya ƙi karɓar ko kuɗin mota. Na so a ce ya bar min saitin a rubuce tun farko, sai da na roƙa ya rubuta a bayan littafin lissafina.

Kuɗin aikinsa bai kai abin da na kashe a fomat ɗin nan ba. Yau sati uku ke nan ban taɓa makunnin rauta ba, kuma kwamfutar bakin ƙofa ta kwana biyar a kashe makon jiya, aka kunna ta ta shiga kai tsaye. Na riga na yi masa magana zai zo ya ja min kebul zuwa teburin da nake shirin ƙarawa.