Manhajar da ta faɗa mini wanda ya ci kafin a tashi tseren

Tun da aka rufe gasar Olamfik ta Paris nake son rubuta wannan sharhi, amma na yi ta ja da baya don kada fushi ya riƙe mini alƙalami. Yanzu zuciya ta ɗan sauka. Magana ce a kan wata manhaja ta kallon wasanni kai tsaye, wadda na biya wa kuɗin wata guda saboda gasar kaɗai.

Bari in fara ba ta haƙƙinta. Wasanni 32 aka yi a Paris, lambobin zinare 329, kuma kusan duk wanda na nema na same shi. Gidan talabijin shi yake zaɓar maka abin da za ka gani, nan kuwa ni ke da wuƙa da nama. Da ita na ga Mijaín López na Kuba ya ci zinarensa na biyar a jere a kokawa, ya cire takalmansa ya ajiye a tsakiyar fili alamar ya yi ritaya. Har wasan hawan igiyar ruwa da aka kai can Tahiti na leƙa, ni da ko iyo ban iya ba. Hoto tas, har gumin goshin ɗan wasa kana gani. A kwanakin farko babu wanda ban tallata wa ita ba.

Amma ni tsere ɗaya ne ya sa na biya kuɗin, kuma labarinsa ya faro ne tun 1996. Ina ɗan shekara tara Baba ya tashe ni da tsakar dare don mu kalli ƙarshen tseren mita 200 na gasar Olamfik ta Atlanta. Talabijin ɗinmu baƙi da fari ne, shi ya sa takalman zinaren Michael Johnson da duniya ke ta zancensu, mu toka-toka muka gan su. Yayana na waje yana juya eriya, mu muna ciki muna ce masa "ya yi, tsaya nan!" Johnson ya gama a daƙiƙa 19.32. Baba kuwa idonsa na kan wanda ya zo na biyu, Frankie Fredericks na Namibiya, da ya yi 19.68, gudun da ya fi tsohon tarihin duniya na 19.72 da Pietro Mennea na Italiya ya kafa a 1979. Azurfa huɗu bawan Allahn nan ya tara tsakanin Olamfik ɗin Basalona da na Atlanta, zinare ko ɗaya bai samu ba. Baba ya kashe talabijin ya ce, "In da rai, za mu ga ɗan Afirka ya ci wannan tseren." Daga daren nan na kamu da son waɗannan gasanni. Olamfik ko wasannin Commonwealth ko na Afirka, in dai ƙasashe sun jeru da tutocinsu, to ina gaban allo.

Shekara 28 ke nan. Ranar 8 ga Agusta 2024 na je na zaunar da Baba, na jingine kwamfutar hannu a gabanmu, na ƙure murya. Ana nuna 'yan tseren ɗaya bayan ɗaya a filin Stade de France, Noah Lyles na Amurka na ta tsalle-tsallensa, ba a ma ce su durƙusa ba. Kawai sai ga sanarwa ta sauko daga saman allo, daga ita manhajar kanta: Letsile Tebogo na Botswana ya ci zinare.

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ashe abin da suke kira "kai tsaye" yana baya da abin da ke faruwa a fili da fiye da minti guda, sanarwarsu kuwa ba ta jiran kowa. Tseren da bai kai daƙiƙa ashirin ba! Sa'ata ɗaya, idon Baba ya yi rauni, bai karanta rubutun ba. Haka na zauna ina kallon Tebogo ya fito daga kwana yana tsere wa Kenny Bednarek, ya buga ƙirji kafin ya taka layi a 19.46, Baba ya miƙe tsaye ba sanda yana ta kabbara, ni kuma ina ihun ƙarya don kada in ɓata masa. Zinaren farko na Botswana, ɗan Afirka na farko da ya ci wannan tseren, ni kuma sai da na ji labari sannan na gani. Har yau ban gaya wa Baba ba.

Washegari na rubuta musu ƙorafi. Bayan kwana uku amsa ta zo, irin wadda ake tura wa kowa: wai in duba ƙarfin intanet ɗina, in kuma kashe sanarwa. Intanet ɗina lafiyarsa ƙalau. Maɓallin kashe sanarwar kuma sun binne shi can ƙasa, sai da ɗana ya tono mini shi. Wane mai hankali ne zai sayar maka da kallo, sannan ya kunna abin da zai tona sakamako ba tare da ka nema ba?

Da na zauna rubutun nan niyyata in ba su tauraro uku, saboda ko ba komai ta hanyarsu Baba ya ga abin da ya daɗe yana jira, kuma a hoto mai launi. Sai na tuna cewa bayan an kashe wutar gasar ranar 11 ga Agusta, wata na cika suka sake cire mini kuɗi ba sallama, kuma sai da na bi shafi biyar kafin na ga inda ake soke rajista. Wannan kam sanarwarsa ba ta sauko daga saman allo ba. Tauraro biyu na ba su. Gasar Los Angeles ta 2028, in Allah Ya kai mu, zan nemi wata hanya tun da wuri, wayata kuma a kashe za ta kwana a wani ɗaki.