Shagon da ya sa tsohuwar Windows XP ɗina ta ga faifan giga 500

Idan kana da tsohuwar kwamfuta mai Windows XP da ba za ka iya rabuwa da ita ba, ka sa mata babban faifan ajiya ta ƙi ganin cikakken girmansa, akwai wani ƙaramin shagon gyara a wajajen Beirut Road a Kano da zan tura ka da zuciya ɗaya. Yana da nasa aibi, zan zo kansa, amma aikin da na kai an yi shi da sani.

Sana'ata juye tsofaffin kaset ɗin bidiyo na biki, suna da walimar sauka zuwa filasha. Katin da ke ɗauko hoto daga na'urar kaset direbansa, wato manhajar da ke sa Windows ta gane shi, na XP ne kaɗai. Shi ya sa shawarar “Alhaji, ka sa Windows 10 ka huta” ba ta yi mini amfanin komai. Bidiyon awa ɗaya a tsarin DV yana cin kusan giga 13, don haka faifan giga 80 da ke cikin kwamfutar biki biyu ko uku ke cika shi. Na sayi na giga 500, aka ɗaura, kwamfuta ta nuna giga 128 ta tsaya. Wani mai gyara ya ce jabu aka sayar mini. Wani ya ce bod ɗin ne ya tsufa, in sayi sabo.

Yaron da ke wannan shago bai taɓa sukurdireba ba sai da ya duba abu biyu. Ya shiga BIOS, wato saitin bod ɗin da ke tashi kafin Windows, ya ga ta karanta girman faifan daidai. Sannan ya buɗe bayanan Windows ya nuna mini da yatsa: babu ko Service Pack (SP, kunshin gyare-gyaren da Microsoft ke fitarwa) ɗaya a kai, XP ce ta asali yadda ta fito a 2001. Ya ce, “Baba, faifanka lafiyarsa ƙalau. Windows ɗin ce lissafinta ya ƙare.”

Bayanin da ya yi mini shi ne ya sa na amince da shi. Faifai a rarrabe yake gida-gida, kowane gida bayit 512, kuma kowanne da lambarsa. Tsohon tsarin yana rubuta lambar da bit 28, wato iyakarsa gida miliyan 268 da ɗoriya. In ka ninka da 512 ka sami giga 137 a lissafin masu ƙera faifai, wanda Windows ke nunawa a 128. Daga baya aka faɗaɗa lambar zuwa bit 48, amma XP ba ta fara aiki da hakan kai tsaye ba sai daga Service Pack 1 na 2002. Ya ɗora mini SP2 tukuna, don SP3 ba ta hawa kan XP ta asali kai tsaye, sannan ya bi da SP3 ɗin. Kafin duk wannan sai da ya kwafe abin da ke tsohon faifan zuwa nasa na waje, ba tare da na roƙa ba.

Da kwamfuta ta sake tashi, faifan ya fito giga 465. Ya lura na ɗaure fuska, ya ce ba a ci mini ko ɗaya ba: kamfani yana ƙirga giga da dubu-dubu, Windows tana ƙirgawa da 1,024, shi ne bambancin. Ya yi masa fomat da tsarin ajiye fayil na NTFS, saboda tsohon tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya kai giga 4, ni kuwa kafin minti ashirin na bidiyo na wuce nan. Yanzu ina da wurin kusan awa 35.

Gargaɗin da ya yi mini na fi so masu sana'a irin tawa su ji, don a nan ne ake asarar da ba ta dawowa. Faifan da aka cika ya wuce giga 137, in aka haɗa shi da Windows ɗin da ba ta san bit 48 ba, tana iya lalata shi. Kamar mitar tsohuwar mota ce da ke komawa sifili in ta kai ƙarshe: abin da ya kamata a rubuta can gaba sai ya dawo ya hau kan farkon faifan, inda bayanin fayilolin yake. Ya ce duk ranar da za a sake sa XP da tsohon CD, a fara cire wayar babban faifan. Ya ƙona mini sabon CD mai SP3 a haɗe, ya rubuta a kansa da maka, ya karɓi tsohon ya ja masa layi biyu. Amanar mutane ce a cikin faifan nan. Wani kaset ɗin shi kaɗai ne hoton mahaifiyar mutum da ta rasu, kuma tef ɗin yana iya tsinkewa a juyi na gaba. Mai gyaran da ya fahimci wannan ya cancanci kuɗinsa.

Na tambaye shi ko zan ƙara na tera 4 (tera ɗaya giga dubu ne), tunda ga su a kan kanta yana sayarwa. Ya ce a'a. XP mai bit 32 tsarin rabon faifai na MBR kawai ta sani, shi kuma iyakarsa tera 2 da ɗan kai. Abin da ya haura nan sai sabon tsarin GPT, wanda ba ta karantawa. Ya ambaci cewa akwai manhajoji irin su Paragon GPT Loader da ke ƙetare wannan, amma ya ce shi ba zai ɗora aikin mutane a kan dabarar da in direbanta ya sami matsala faifan zai ɓace daga gani ba. Shawararsa in tsaya a tera 2 ko ƙasa, in riƙa kwashe aikin da na gama zuwa sabuwar kwamfuta. Ciniki ne ya bari ya wuce shi da bakinsa.

Akwai wani ƙaramin abu da ya yi wanda ban taɓa jin wani ya ambata ba. A laftof ɗinsa mai Windows 7 ya yanka faifan, wato ya shata masa ɓangaren da za a yi ajiya, ba a XP ba. Yawancin sababbin faifai gidajensu na ciki bayit 4,096 ne, ko da yake 512 suke nuna wa kwamfuta. XP tana fara yanka daga gida na 63, wanda bai dace da wannan ba, sai rubutu ya riƙa nauyi. Windows 7 tana farawa daga 2,048, komai ya zauna daidai. Ga mai ɗaukar bidiyo wannan ba wasa ba ne, don faifai mai jan ƙafa shi ke sa hoto ya riƙa tsalle.

Sai abin da bai yi mini ba. Babu UPS, na'urar batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, a teburin aikinsa. Ana cikin ɗora SP2 aka ɗauke wuta, kafin a tada janareta kwamfuta ta mutu, sai da ya mayar da kwafin da ya ajiye ya sake daga farko. Allah ya sa ya yi kwafin, amma shagon da ke taɓa faifan mutane bai kamata ya zauna haka ba, kuma na faɗa masa. Alkawarin lokaci ma sai a hankali: “bayan La'asar” a wurinsa tana iya kaiwa Isha, don duk wanda ya leƙo da matsalar caja sai ya ajiye naka ya saurare shi. Rasit sai ka nema. Kuɗin aiki bai yi tsada ba, bai kai rabin kuɗin faifan ba, sai dai ba ya faɗa tun farko, gara ku daidaita kafin ya fara.

Ya kuma cire mini wayar intanet daga bayan kwamfutar, ya ce Microsoft ta daina gyaran XP tun Afrilun 2014, kada ta sake hawa. Filashar kwastoma ma a fara duba ta a wata kwamfutar.

Masu Windows 2000 da ke jan injin yankan sitika ko na surfani su ma yana yi musu, amma nasu sai an kai SP3 ko SP4 sannan a shiga rajista, inda Windows ke ajiye saitunanta, a sa saitin EnableBigLba ya zama 1 da hannu. In za ka je, tafi da kwamfutar gaba ɗaya, kada ka cire faifan kaɗai, kuma ka haɗa da CD ɗin direban na'urarka, don shi ne abin da ba lallai a samu a kasuwa ba.