HATTARA: Akwai masu kama hayar gida a Kano su sayar da shi kamar nasu

Jama'a assalamu alaikum. Dan Allah duk wanda yake neman gidan saye a Kano, musamman a sababbin unguwannin nan na gefen gari, ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi, kuma a isar da shi ga iyayenmu mata da masu jiran garatuti don su aka fi farauta. Akwai mutanen da sana'arsu kenan yanzu, su kama hayar gida na shekara guda su biya cas, su shafa masa fenti, sannan su sa shi a kasuwa a matsayin nasu. Ba ji na yi a gari ba, yayata uwa ɗaya uba ɗaya aka yi wa, maganar tana hannun 'yan sanda shi yasa bazan kama suna ko layi ba.

Yaya malamar firamare ce ta yi ritaya, maigidanta ya rasu, tana haya da yara kuma duk shekara sai an ƙara mata kuɗi. Kowa ya san gida a Kabuga ko Gadon Ƙaya ko Tudun Yola ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, shi yasa mutane suke ta gangarawa ta hanyar Gwarzo, Rijiyar Zaki, Rimin Gata, Danbare har Janguza, wasu su yi Panshekara wasu su yi Mariri. To a nan matsalar take. A cikin birni baka isa ka sa gidan wani a kasuwa ba, kafin ka rufe baki duk lungun sun ji, don sun san wanda ya gina soron da jikokinsa. Amma a sabuwar unguwa kowa baƙo ne, wannan ya zo bara wancan ya zo bana, kowa ya shige da motarsa ya ja get, sai mutum ya shekara bai san sunan wanda katangarsu take haɗe ba. Wannan rashin sanin junan shi ne jarin ɓarayin nan.

A wani guruf ɗin WhatsApp na mata ta ga bidiyon gidan. Ciki uku da falo, tayils, rijiya da tanki a sama, ga filin ajiye mota, kuma kuɗin da aka sa ya yi ƙasa sosai da yadda ake sayar da irinsa a wajen. Dillalin ya ɗauke ta a adaidaita da hantsi, lokacin da maza duk sun fita nema yara suna makaranta layin ba kowa, suka tarar da wani dattijo fes da shi cikin farar shadda da carbi a hannu, shi ya ciro makulli daga aljihu ya buɗe, ya zagaya da ita har banɗaki, har yana nuna mata inda wai ya so ya ƙara ɗaki Allah bai nufa ba. Yace mata "Hajiya wallahi ba don lalura ba bazan rabu da gidan nan ba, uwargida ce ba lafiya za mu fitar da ita Masar, amma ina roƙonki ki rufa min asiri kar maƙwabta su ji ina sayar da gida, kin san halin mutanenmu." Ita kuma Yaya mace ce mai tausayi, tace "Allah sarki Alhaji, Allah ya ba ta lafiya, ba mai ji." Kun ga da kalma ɗaya ya toshe hanyar da asirinsa zai tonu, har mu 'yan'uwanta ba ta faɗa wa ba.

Daga nan sai gaggawa. Dillali ya dinga kira safe da yamma wai wani ɗan kasuwar Kwari ya taya zai kawo kuɗi gobe, in tana so ta ba da kafin alƙalami yau. Ta ba da. Aka nuna mata fotokofin takarda wai orijinal tana banki a ajiye sai an gama biya, aka rubuta takardar ciniki, shaidu biyu duk su suka zo da su, har da hatimi wai na mai unguwa. Kuma asusun da aka ce ta tura kuɗin sunan wani ne daban, yace na ɗansa ne shi nasa yana da matsala. Ta tura garatutinta da kuɗin sarƙarta da ta sayar, aka ce ta ba shi wata guda ya kwashe kaya.

Ranar da muka je da ita karɓar makulli duk layukan a kashe, ƙofa da sabon kwaɗo, ga wani bawan Allah da matarsa a tsaye su ma da tasu takardar iri ɗaya sak, hatimi ɗaya sa hannu ɗaya. Na taka wajen mai shayin da yake bakin layin, tsakaninsa da gidan bai fi taku ashirin ba, nace Malam dan Allah ina Alhajin gidan can? Ya ɗago yana juya shayi yace "Wane Alhaji? Ai wannan ɗan haya ne ranka ya daɗe, bai ma daɗe da zuwa ba, mai gidan yana Legas." Wallahi har yanzu in na tuna maganar nan ƙirjina zafi yake, amsar tana bakin layi kyauta, kuma sun san da haka shi yasa suka ce ta yi shiru. Mai unguwar gaskiya da aka kai masa takardar yace shi bai taɓa ganin hatimin ba.

Abin da ya kamata kowa ya sani, a doka wanda bai mallaki abu ba ba shi da ikon sayar da shi, don haka ko nawa ka biya gida yana nan na mai shi, kai kuma sai dai ka bi ɓarawonka. A shari'ar Musulunci ma cinikin kayan wani ba ya tabbata sai da yardar mai kayan. Makulli a hannun mutum ba shaidar komai ba ce, ɗan haya yana da shi, maigadi yana da shi, mai fenti ma yana da shi.

Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar da take cikin birane tana hannun gwamna ne, shi yake ba da takardar shaidar mallaka wato C of O, kuma in za a sayar da gida mai wannan takarda sai an nemi amincewar gwamna kafin sunanka ya hau. Ma'ana akwai fayil, akwai lamba, akwai inda za a duba. A Kano ka ɗauki lambar takardar ka je Ma'aikatar Ƙasa da Safiyo da KANGIS, hukumar da take ajiye bayanan filaye, a yi maka bincike, irinta a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS. Binciken zai nuna sunan mai gidan na gaskiya da ko an jinginar da shi a banki. Ka ɗauki lauyanka na kanka ba wanda dillali ya kawo ba. Sunan da yake kan takarda, da sunan da yake kan katin ɗan ƙasa na mai sayarwa, da sunan asusun da zaka tura kuɗi, dole su zama ɗaya, in ɗaya ya saɓa ka tashi kawai.

Na san da yawa gidajen gefen gari awon igiya ne ba su da C of O, takardar ciniki ce kawai daga hannu zuwa hannu. To a nan ma aikin ya fi yawa, ka nemi duk takardun baya tun daga mai gonar da ya yanka, ka je gidan mai unguwa da ƙafarka ba a kawo maka shi ba, ka je wajen dagaci, ka leƙa hukumar tsara birane ta KNUPDA ka ji ko wajen hanya ce ko filin makaranta ko maƙabarta, wanda ya ga rusau ɗin 2023 a Filin Idi da otal ɗin Daula baya buƙatar a yi masa dogon bayani. In kuma gidan gado ne sai ka ga takardar rabo ta kotu ko duk magada sun sa hannu har matan da suke gidan aure, don ɗa ɗaya ya kan sayar a ɓoye daga baya sauran su taso.

Sannan dan Allah ka koma unguwar kai kaɗai ba tare da dillali ba. Ka yi magariba a masallacin layin, ka zauna wajen mai shayi, ka tambayi mai kanti da 'yan garuwa gidan waye wancan. A nan zaka ji har abin da baka tambaya ba, ko rijiyoyin wajen suna ƙafewa da bazara da nawa ake sayar da kurar ruwa, ko taransifoma ta shekara a lalace, ko layin yana cika da ruwa a watan Agusta har adaidaita ta ƙi shiga, ko ana faɗan daba da ƙwacen waya bayan isha. Mai gidan gaskiya baya tsoron ka tambayi maƙwabta, duk wanda yace a yi sirri ko a biya yau-yau to ka bar masa gidansa.

Duk wanda aka taɓa yi wa irin wannan, musamman da labarin fitar da mara lafiya Masar, kar kunya ta sa ya yi shiru, ya haɗa takardar cinikin da alat ɗin banki da lambobin da suka kira shi da su ya kai ofishin 'yan sanda ko EFCC, don ta asusun da kuɗi suka shiga ake bin sawunsu. Ku kuma masu gidajen haya da kuke zaune a wani gari, ku gabatar da kanku wajen mai unguwa ku bar lambarku a hannun maƙwabci ɗaya ko biyu, kuma ku sa a dinga leƙa muku gidan.