Sa'a Guda Tare da Marayun Giwaye a Nairobi

Na sha zuwa Yankari, amma duk giwar da na taɓa gani a can daga nesa na hango ta, tana ratsa duhuwa kafin direba ya gama tsayar da mota. Saboda haka da aiki ya kai ni Kenya, na ware safiya guda domin ziyartar gidan rainon marayun giwaye na Sheldrick Wildlife Trust, wanda yake cikin gandun dajin Nairobi. Daphne Sheldrick ce ta kafa gidauniyar a shekarar 1977 domin tunawa da mijinta David, wanda ya daɗe yana shugabantar gandun dajin Tsavo ta Gabas.

Sa'a ɗaya tak ake buɗe wa baƙi ƙofa a kullum, daga ƙarfe 11 na safe zuwa 12 na rana, kuma sai wanda ya kama gurbi ta intanet tun da wuri. Ban da gudummawar da ake bai wa gidan, akwai kuɗin shiga gandun da ake biyan hukumar kula da namun daji ta ƙasar. Motar hayar da na ɗauka ta makara ƙwarai, har na kusa rasa gurbina, don haka ina ba duk mai niyyar zuwa shawarar ya yi sammako saboda cunkoson birnin.

An tsayar da mu a bayan igiya, kewaye da wani fili mai jar ƙasa da kududdufin taɓo a tsakiyarsa. Can sai ga 'ya'yan giwayen sun fito daga daji a guje, kowane ya nufi mai kula da shi, wanda ke sanye da koriyar riga yana riƙe da ƙatuwar kwalbar madara. Waɗanda suka ɗan tasa da kansu suke naɗe kwalbar da hannu su kafa kai, su shanye cikin ƙiftawar ido. Wata 'yar ƙarama mai bargo a gadon baya ta biyo igiyar har ta goge ni, na ɗora tafina a kanta. Fatar kaushi gare ta kamar ɓawon itace, gashinta tsilli-tsilli mai tauri kamar waya, ga ɗumin jiki da ban yi tsammani ba. Ta miƙo hannu ta shinshina aljihuna, ta huro mini iska mai zafi, sannan ta koma cikin taɓo ta bar mini jan shati a farar rigata.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne bayanin da shugaban masu kula da su ya yi, yana kiran kowace da sunanta yana faɗin yadda ta yi maraici: wannan masu farautar haure suka kashe uwarta, wancan rijiya ya faɗa, waccan kuma fari ne ya raba ta da garkensu. Ɗan giwa ba ya rayuwa ba tare da nono ba a shekaru biyun farko, kuma madarar shanu ba ta karɓarsa, abin da ya sa Daphne ta shafe shekaru tana gwaji kafin ta dace da haɗin da ya ƙunshi man kwakwa. Duk bayan sa'a uku ake shayar da ƙananan, dare da rana, masu kula da su kuma a ɗaki ɗaya suke kwana da su, ana sauya su domin kada maraya ya shaƙu da mutum guda.

A nan ba a hawa bayansu, ba a sa su wasa don nishaɗin baƙi, kuma wannan ne ya kwantar mini da hankali game da kuɗin da na biya. Idan sun yi ƙwari ana mayar da su sansanoni irin su Voi da Ithumba a Tsavo, inda a hankali suke sajewa da giwayen dawa har su koma rayuwar daji.

Abin da ya rage mini armashi kawai shi ne wasu baƙi da ke turereniya da wayoyi a sama, suna tare wa yara gani. Wanda ya isa da wuri ya samu gefen igiya kusa da taɓon shi ne zai more, sai dai ya sa tufafin da ba zai ji takaicin ɓacinsu ba.