Hattara da mai tallar sifirin na jabu a zaurukan makanikai

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa makanikai, masu shagon kayan gyara, da masu babur da Adaidaita Sahu, a yi hattara da wani mutum da ke tallar sifirin a Facebook da zaurukan WhatsApp na masu sana'armu. Cewa yake kwantena ce ta iso masa daga Indiya, kuɗi yake nema da gaggawa, shi ya sa ya karya farashi kusan rabi. Abin da ya fi tallatawa shi ne ƙananan sifirin masu mayar da ƙarfe mazauninsa: na birki, na totur, na ƙafar da ake kafe babur, har da na igiyar tayar da janareta.

Salonsa ɗaya ne. Da farko zai aiko maka da samfur ta hannun direba a tasha, kuma samfurin gangariya ne, ba abin da za ka kushe. Idan ka yaba, sai ya ce a dozin-dozin yake sayarwa, kuma sai ka tura kuɗin duka kafin ya ɗora kaya. Sunan da ke kan asusun banki daban da wanda yake amsawa, in ka tambaya ya ce na ƙaninsa ne. Kwali zai iso, na sama-sama masu kyau, na ƙasa kuwa sai addu'a. Wani ya ce masa shagonsa na Kofar Ruwa a Kano, wani kuma ya ce masa Panteka a Kaduna. An je duka biyun an yi cigiya, 'yan kasuwar ba wanda ya san shi. Kafin ka gama gane an cuce ka, layinsa ya daina shiga.

Kaya iri biyu yake cusawa a kwalin. Na farko waya ce ta banza aka naɗe ta fito da siffar sifirin. Ƙarfen sifirin na gaskiya yana da sinadarin kabon da yawa, daga kashi 0.5 zuwa 1 cikin 100, sannan a masana'anta ana sarrafa shi a kuma gasa shi daidai gwargwado, shi ya sa in ka ja shi ka saki yake komawa tsawonsa. Ƙarfe mai laushi kabon ɗinsa bai kai kashi 0.3 ba. Ka ja shi sau biyu sau uku, ya miƙe ke nan, ba zai koma ba.

Na biyun shi ya fi ba ni tsoro, domin ido ba ya kama shi. Tsofaffin sifirin ne da aka tsinto a bola, aka ƙona su a wuta don fenti da tsatsa su fita, aka jiƙa a asid, sannan aka yi musu sabon rufi mai ƙyalli. Wutar nan ta riga ta kashe taurin da masana'anta ta ba ƙarfen. Asid da rufin da ake yi da lantarki kuma suna cusa iskar haidirojin cikin wanda wutar ba ta gama kashe taurinsa ba, ta sa shi ya riƙa karyewa farat ɗaya ba tare da ya fara lanƙwasa ba. Masana'antar kirki takan gasa sifirin na sa'o'i a zafin da ya kai kimanin digiri 200 bayan rufin, don iskar ta fita. Mai yin wannan aiki a bayan gida ina ruwansa da haka?

Kada wani ya ce ai ɗan ƙaramin abu ne mai arha. Bajaj Boxer birkin duram gare shi gaba da baya, haka yawancin Adaidaita Sahu. Sifirin ne ke janye takalman birki daga jikin duram da zarar ka saki. In ya saki jiki, birki zai riƙa gugar duram kana tafiya, ya yi zafi, inji ya riƙa shan mai, ranar da kake buƙatar birkin kuma ya ƙi kamawa. In kuwa ya karye, guntunsa na iya maƙalewa ya kulle taya. Na totur in ya gaza, ka saki hannu amma inji na ci gaba da ihu. Ƙafar babur tana gefen hagu, in ta sauko da kanta kana shan kwanar hagu, ita za ta fara taɓa kwalta, kai da fasinja sai ƙasa.

Gwajin ba wuya. Ajiye sabon kusa da wanda ka tabbatar da ingancinsa, ka duba tsawo, kaurin waya da yawan naɗi. In irin wanda ake ja ne, ɗaga shi sama ka kalli haske: naɗin ya kamata ya manne da juna, in haske na ratsawa to ya sha aiki. Ja shi gwargwadon yadda yake buɗewa a wurin aikinsa, ka saki, ka sake aunawa. Goga masa zarto a baki, ƙarfe mai laushi nan take zarto ke cinye shi. Ka kuma duba cikin ƙugiyar, domin tsohon sifirin yana da gurbin da guga ta ci, fenti ba ya iya cike shi. Maganaɗisu kam kada ka wahalar da kanka, na kirki da na jabu duk yana kama su. Kuma a zazzage kwalin gaba ɗaya, a ɗebo daga ƙasa.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana rasit da hirarsu, ya sanar da bankinsa da wuri, ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye tana karɓar koke, SON kuma ita ke kula da ingancin kaya. A kuma sanar da shugabannin ƙungiya su ja kunnen yara. Maigidan da ya san ya ɗaura wa mutane daga cikin kayan nan, ya kira su su dawo a canza, a fara da na birki da na totur.