Tulun fure da kayan ƙawata falo: sabo, gwanjo ko aikin hannu?

Idan ido ya gaji da falo, kuma babu kuɗin sauya kujeru da labule, ƙananan kaya ne mafita: tulun fure a kusurwa, madubi a bango, kwando ko faranti a kan tebur. Amma a nan ne kuɗi suka fi zurarewa ba a ankara ba. Yau fulawar roba, jibi ɗan gilashi mai ƙyalli, gata agogon da ba a buƙata, kafin a farga an kashe abin da zai sayi kaya ɗaya na kirki, falo kuma ya cika da tarkace. An ce araha ba ta ado, kuma haka ne muddin arahar ce kaɗai ta ja ki. Wadda ta san abin da take dubawa tana iya samun duka biyun.

Hanya uku ce ake samo waɗannan kaya: sabo na kanti, gwanjo, da aikin hannun mutanenmu. Kowace akwai abin da ya dace a saya a cikinta, akwai kuma wanda ya kamata a bar musu.

Na kanti ba sai an tsaya dogon bayani ba. Yawancinsa roba ne, ko siririn gilashi da aka fesa wa ruwan zinare. Amfaninsa a fili yake: za ki samu biyu iri ɗaya, za ki samu launin da ya hau da labulenki, idan kuma na roba ne yara za su kayar da shi sau goma bai fashe ba. Aibinsa shi ne ba ya tsufa da kyau. Rana ta kodar da shi, fentin ya fara ɓarewa, dogon kuma saboda rashin nauyi fanka ma tana iya tuntsurar da shi sai an zuba masa yashi a ciki. Kafin ki biya, ki ɗan karci gindinsa da farce. In ƙyallin ya biyo farcen, to ado ne na wata biyu. Abin da nake ganin ya cancanci a saya sabo shi ne duk abin da ke da soso ko auduga a ciki, kamar matashin kujera, saboda kuɗin cizo ba baƙon da ake gayyata ba ne.

Gwanjo ne ya fi buƙatar ido, shi ne kuma ya fi saka wa mai haƙuri. Ƙofar Wambai a Kano, Kasuwar Barci a Kaduna da Katako a Jos an fi sanin su da tufafi, takalma da labule, amma a irin waɗannan kasuwanni da gefen manyan tituna za ki tarar da masu baje kayan tangaran da gilashi da aka kwaso daga gidajen Turai. Akwai kuma dillaliya mai shiga gida-gida, da masu tallar kaya a WhatsApp. Na waya ina jin tsoron sa a kayan da ke fashewa, domin hoto ba ya nuna tsaga. In ba makawa, ki ce a ɗauko miki bidiyo, a juya kayan ta kowane ɓangare har gindi, a faɗa miki tsawonsa da awo.

Idan kayan na hannunki, tangaran ki riƙe shi sakwa-sakwa ta gindi ki ƙwanƙwasa bakinsa da farce. Lafiyayye zai yi ƙara siririya mai ɗan jan lokaci. Wanda ya ce "ƙwas" ya yi shiru, akwai tsaga ko da ido bai gan ta ba, ko kuma an taɓa liƙe shi da gam. Ki shafa yatsa a hankali kewaye da baki da hannuwa, nan ne ake ɓoye gyara. Ɗan ɓantare a gindi ba komai ba ne, hujjar neman ragi ce ma, tunda ba wanda zai gani. Tsaga mai saukowa daga baki kuwa ƙaruwa take yi, ki ajiye musu abinsu.

Gilashi ki ɗaga shi sama ki kalli haske ta cikinsa. Sau da yawa za ki ga ya yi hazo-hazo. Hazon iri biyu ne: akwai wanda gishirin ruwa ne ya bushe a jiki, wannan ruwan khal ko lemon tsami zai fitar da shi idan ya kwana a ciki, akwai wanda jikin gilashin ne ya ci, wannan har abada. A kasuwa da wuya a bambance, don haka mai hazo a taya shi da farashin mai hazo. Mai siririn wuya da hannu ba ya shiga, ki zuba ɗanyar shinkafa cikin cokali biyu da ruwan sabulu ki girgiza, za ki sha mamakin daudar da za ta fito.

Tagulla kuwa, ki tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu a jaka, ko da irin na jikin tsohuwar sifika ne. Tagulla ta gaskiya ba ta kama shi. In ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka, damina ɗaya zai fara tsatsa. Kada baƙin da tagulla ta yi ya kore ki, shi ne ma yake karya mata farashi. Jiƙaƙƙiyar tsamiya, ko lemon tsami da gishiri, a goga da tsumma a ɗauraye a busar nan take, sai ta dawo kamar yau aka ƙera ta.

Akwai abubuwan da nake so kowace mai shiga gwanjo ta riƙe da muhimmanci. Tsohon tangaran mai zane kala-kala, musamman wanda aka yi don ado, wani akwai dalma a fentinsa. Mun ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, duk da cewa can daga haƙar zinare ta fito. Farantin ado na bango ne, kada ranar da baƙi suka yi yawa a sauko da shi a zuba miya. Fitilar gefen gado da ta fito daga Amurka an yi ta ne don wuta mai ƙarfin 120, tamu kuwa 230 ce, sai mai gyaran lantarki ya duba waya da mazaunin ƙwai kafin a jona. Ta Ingila ita ce ta yi daidai da soket ɗin Najeriya. Madubi ki duba bayansa da gefunansa, baƙin tabo daga ciki yake, ba ya goguwa. Firam da duk wani abin katako ki bubbuga shi a tafin hannu, in gari ya zubo, ƙwaro na ciki, zai kuma yaɗu zuwa kabad ɗinki. Sannan wani abu da ba kowa ya sani ba: a ƙasashen da ake ƙona gawa, ana adana tokar a wani tulu mai murfi da ake murɗawa ya kulle gam, kuma yana kama da tulun fure ƙwarai. In kin ga mai irin wannan murfi, ko mai suna da shekaru a rubuce a jiki, ki wuce.

Na bar aikin hannu a ƙarshe ne domin shi zuciyata ta fi so, kuma shi aka fi rainawa. Abin yana ba ni takaici in ga mace ta tsallake mai tukwane a bakin hanya ta je ta sayi roba da aka yi wa fentin yumɓu. Matar da ke bayan takardar naira 20, Ladi Kwali, maginiyar tukwane ce. Da hannu ta koyi ginin tulu irin na Gbagyi kafin a 1954 ta shiga cibiyar koyon tukwane da Michael Cardew ya kafa a garin da yanzu ake kira Suleja, kuma tulunanta sun kai gidajen adana kayan tarihi na Turai da Amurka. Sana'ar ba ta mutu ba. Har yau ana gini a Ushafa kusa da Bwari, ana yi a Miriya ta ƙasar Damagaram, ana yi a ƙauyukan da ke kewaye da kusan kowane gari namu. Bida na nan da maƙeran tagullarta. A Kurmi, kasuwar da ta faro tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, za ki samu faifai, ƙwarya mai zane, kwando da tintimin fata a tafiya ɗaya.

Tulun yumɓu yana da hali ɗaya da dole a sani: yana tsatsafo da ruwa. Abin da ke sa ruwan randa sanyi ke nan, amma a kan tebur na katako ko kafet zai bar tabo. Maganinsa, ki yanke bakin gorar ruwa ki zura a ciki, ruwa da fure su zauna a gorar, ki kuma sa faifai a ƙarƙashi don kada gindin ya karce tayil. Wajen zaɓe, shi ma a ƙwanƙwasa: wanda ya gasu sosai yana amsawa, ɗanye ba ya ƙara. Baƙin dabbare-dabbaren da wuta ta bari a jikinsa kada ki rufe shi da fenti, shi ne kyansa.

Kafin ma ki fita, ki leƙa ɗakin Hajiya ko na kaka. Kwanukan jere da tasoshin da aka sauke daga kabad aka tura ƙarƙashin gado, guda uku a kan kanta sun fi duk abin da za ki sayo.

Me za a sa a cikin tulun? Ɗanyen fure a zafinmu kwana kaɗan yake yi, ruwansa kuma in ya kai mako ba a sauya ba sauro ya samu wurin haihuwa. Fulawar roba tana kwasar ƙurar hunturu, sai kin yarda za ki riƙa wanke ta. Busassun abubuwa sun fi dacewa da mu: zangarniyar gero ko dawa, alkama, kan gamba bayan kaka, ko reshe mai kyan lanƙwasa. Tsawon abin da ke ciki ya kai kamar ɗaya da rabi na tsawon tulun, in ba haka ba sai ya zama kamar yaro cikin babbar rigar babansa.

Game da kasafi, shawarata a ware rabin kuɗin ga abu ɗaya babba da ido zai fara sauka a kansa, dogon tulu ko madubi, sauran a bi a hankali. Ki auna wurin kafin ki fita, ki ɗauki hoton kujerunki a waya don launi. A wurin ciniki kada ki rungume abin da kike so, ki haɗa shi da wasu biyu ki tambayi kuɗinsu gaba ɗaya. In ya ce albarka, ki nuna masa ɓantaren da kika gano ki ƙara kaɗan. Da safe ake samun zaɓe, da yamma ake samun ragi. Ki tafi da tsohon zani ko tawul na naɗe kayan, ki kuma riƙe su a cinya cikin adaidaita sahu, domin kayan gwanjo in sun fashe a hanya ba a mayarwa.